An bar jaki ana dukan taiki: zafi ne ke cin kwamfutocinmu



Duk shekara idan bazara ta kama, tun daga tsakiyar Maris har zuwa faɗuwar ruwan farko, koke iri ɗaya ne ke cika mana kunne. Mai shagon buga takardu ya ce kwamfutarsa tana ɗaukewa da kanta da zarar rana ta take. Mai tace bidiyon biki ya ce aikin da ya saba fitarwa kafin ya gama shan shayi yanzu sai ya ci masa rabin yini, ga fanka tana ƙugi kamar injin markaɗe. Ɗalibi ya ce yana tsakiyar rubutun kammala karatu allo ya yi baƙi. Kafin mai koke ya rufe baki an riga an yanke hukunci: NEPA ce, ko janareto ne, ko an haɗa shi da ruɓaɓɓiyar tokumbo, ko kuwa bairos ne, a je a goge komai a sake ɗora Windows.

Ba mu musa cewa wutar ƙasar nan tana ɓarna ba. Ta ƙona mana kaya, mun gani. Amma kwamfutar da ke aiki lafiya da safe, ta fara jan ƙafa da rana, ta ɗauke da la'asar, sannan ta tashi garau bayan ta huta rabin awa, wannan zafi ke damunta. Abin takaicin kuma, mafi yawan zafin nan mu ne ke tare masa hanyar fita da hannunmu, mu koma muna neman wanda za mu ɗora wa laifi.

Mu fara da abin da babu jayayya a kansa. Duk wutar da kwamfuta ta sha, kusan gaba ɗayanta zafi take komawa. Furosesar kwamfutar ofis ta yau da kullum ana ƙiyasta ta a kan wat 65. Manya irin su Core i9-13900K na Intel sukan kai wat 253 idan aiki ya yi nauyi. Duk wanda ya taɓa kama tsohon ƙwan lantarki mai wat 60 bayan ya daɗe a kunne ya san abin da ake nufi. To a furosesa, duk wannan zafin yana fitowa ne daga wani ɗan guntun silikon da girmansa bai wuce farcen babban yatsa ba.

Zafin nan dole ya yi tafiya, kuma zango-zango yake yin ta. Daga silikon ya shiga murfin ƙarfen da ke saman furosesa. Daga murfin ya ratsa ɗan man da ake shafawa, wanda masu gyara ke kira fes. Daga nan ya shiga ƙarfen zuƙe zafi mai haƙora kamar matsefi, wato hitsink. Fanka ta hura iska tsakanin haƙoran ta kwashe shi ta zuba cikin akwatin da muka saba kira sifiyu. Wata fankar a baya ta fitar da shi zuwa ɗaki. Idan zango ɗaya ya toshe, duk kyan sauran ba ya amfani. Wannan shi ne dukkan ilimin sanyaya kwamfuta, sauran ƙarin bayani ne.

Akwai kuma wata gaskiya da masu koyon harkar daga bidiyon Turawa ba sa lura da ita. Babu fankar da za ta sanyaya abu ƙasa da zafin iskar da take hurawa. Mu mutane muna jin sanyin fanka ne saboda muna gumi, gumin yana bushewa yana tafiya da zafi. Ƙarfe ba ya gumi. Abin da hitsink da fankarsa ke iya yi shi ne su riƙe furosesa a wata tazara sama da zafin ɗaki. Mu ɗauki misali. Wani ya gwada nasa a ɗaki mai digiri 22, furosesa ta tsaya a 70. Tazarar 48 ke nan. Ɗauko wannan kwamfutar, ba ka canza mata komai ba, ka ajiye ta a shago mai digiri 40, za ta nufi 88. Ba ta lalace ba, ba kuma jabu ba ce. Ɗakin ne ya canza.

Digiri 40 kuwa ba baƙo ba ne a wurinmu. Sakkwato, Maiduguri da Yamai suna haura shi a watan Afrilu, Kano ma tana taɓa shi. Shagon da ke da rufin kwano babu silin ya fi waje zafi da tsakar rana. Alhali yawancin littattafan bayanin da ke zuwa da kwamfutocin ofis sun rubuta ƙarara cewa iyakar zafin ɗakin da aka ƙera su domin shi digiri 35 ne. ASHRAE, ƙungiyar injiniyoyin sanyaya gine-gine ta Amurka, tana ba manyan ɗakunan ajiye kwamfutoci shawarar su zauna tsakanin digiri 18 da 27. Ma'ana, watanni biyu ko uku a kowace shekara muna aiki da kayan nan a wajen iyakar da masu ƙera su suka shata. Sakacin da mutumin Jamus zai yi ya kwana lafiya, mu idan muka yi sai mun biya.

Ƙara da ƙura. Iskar hunturu tana ɗauko ta tun daga Sahara, mafi yawa daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, ta yi ta zubo mana daga Nuwamba zuwa Maris. Kwamfuta kuwa zuƙar iska take yi duk lokacin da take kunne. Wanda ya taɓa ɗaga fankar furosesa bayan hunturu ya san abin da ke ƙarƙashi: wani bargo na ƙura da zare da ya liƙe a bakin haƙoran hitsink, fanka tana juyawa iya ƙarfinta amma iskar ba ta ratsawa. Ku lura da jerin lokutan. Hunturu ya gama toshe hanya, bazara ta biyo shi kai tsaye da zafinta. Shi ya sa koke-koken ke zuwa a wata ɗaya kowace shekara, kuma NEPA ba ta san kalanda ba.

Yanzu mu zo kan halayenmu, don a nan gizo ke saƙar.

Na farko, binne akwati da rai. Za ka shiga ofis ka tarar an cusa sifiyu cikin durowar tebur mai ƙofa, bayansa ya manne da katako, an jibga fayil-fayil a kansa, an kuma ajiye UPS a gefensa yana ta nasa zafin. Iskar da fankar baya ta fitar ba ta da wurin zuwa, sai ta kewayo ta sake shiga ta gaba. Wasu kuma a ƙasa suke ajiyewa kan kafet, inda duk ƙurar takalmi ke taruwa. Mafi ban haushi shi ne mayafin ado ko ledar da ake lulluɓa wa kwamfuta wai don kare ta daga ƙura, kuma a bar shi a kanta tana kunne. Lulluɓi yana da kyau bayan an kashe an tashi aiki. Amma lulluɓe ta tana aiki daidai yake da ka sa wa ɗan dako bargo cikin rana ka ce kana tausayinsa.

Na biyu, cire murfin gefe a kafa fankar tsaye. Wannan dabarar tana da magoya baya da yawa a cikinmu, kuma za mu yi musu adalci: sau da yawa zafin yana sauka idan an yi haka. Amma me hakan ya nuna? Ya nuna cewa iska ba ta ratsa akwatin yadda ya kamata tun farko, wato akwai fankar da ta mutu, ko ƙofar iska da ta toshe, ko babu fankar gaba gaba ɗaya. An gano ciwo, maimakon a yi magani sai aka bar raunin a buɗe. Buɗaɗɗen akwati gayyata ce ga ƙura da kyankyasai da ƙadangaru da yatsun yara. Ƙananan kwamfutocin ofis kuwa, waɗanda muka fi saye a tokumbo, an tsara su ne iska ta shiga ta gaba, ta bi wata hanya ta roba, ta fita ta baya. Ka cire murfi, ka rushe wannan tsarin, wasu sassan su daina samun iska sam. Buɗe murfi gwaji ne na minti 10 don gano matsala. Wanda ya mayar da shi zaman dindindin ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago.

Na uku, wasa da man furosesa. Saman furosesa da gindin hitsink suna da santsi a ido, amma cike suke da ƙananan ramuka da ido ba ya gani, kuma iska ke zama a cikinsu. Jan ƙarfe ya fi iskar da ke tsaye iya wuce da zafi fiye da sau 10,000. Aikin man nan kawai shi ne ya kori iskar daga ramukan. Tokumbo da ta yi shekara bakwai ko takwas a wani ofis a Turai, manta ya bushe ya zama kamar alli, amma haka ake sayar da ita, haka muke saye, ba mai tambaya. Sannan ga masu gyaran da ke ɗaga hitsink su mayar a kan tsohon busasshen mai, da masu shafa man goge baki wai duk fari ne. Man goge baki ruwa ne a cikinsa, zafi zai busar da shi cikin ɗan lokaci ya bar gari. Ga masu haɗa sabuwar kwamfuta su manta ledar da ke manne a gindin hitsink. Ga ƙusoshin roba huɗu na fankar Intel da ɗaya ke karyewa, a bar shi haka, hitsink ya karkace yana taɓa furosesa da gefe ɗaya. Duk waɗannan mun gan su, kuma duk an karɓi kuɗin aiki a kansu.

Na huɗu, kuma wannan namu ne matasa masu haɗa kwamfutar wasanni da tace bidiyo: sayen ado da sunan sanyaya. Akwati mai gilashi a gaba da gefe, fankoki masu fitilu kala-kala suna walƙiya, an ɗauki hoto an yaɗa. Ka duba da kyau, fankokin gaba uku suna manne da gilashi, wurin shigar iskar bai wuce ɗan tsagi a gefe ba. Fitila ba ta rage zafi ko da digiri ɗaya. Akwati mai raga a gaba da fankoki biyu baƙaƙe marasa kwalliya ya fi shi aiki nesa ba kusa ba.

Haka batun sanyaya da ruwa, da wasu ke ɗauka shi ne ƙarshen magana. Ruwan ba ya haɗiye zafi ya ɓatar da shi. Ɗaukarsa yake yi daga furosesa ya kai lagireto, kamar dai a mota, fanka ta hura masa iskar ɗakin nan dai mai digiri 40. Lagireton yana toshewa da ƙura kamar kowane hitsink. Ya kuma zo da ƙarin abin lalacewa, wato famfo, wanda idan ya tsaya zafi ke hawa cikin daƙiƙoƙi, ga ruwan yana raguwa a hankali da shekaru. Wanda ke da furosesa mai shan wat 200 zuwa sama yana da hujjar sayensa. Amma mai furosesar wat 65, hitsink mai tsayi da bututun jan ƙarfe ya ishe shi. Bututun nan ma da ɗan ruwa a rufe a cikinsu, yana tururi a wajen zafi ya koma ruwa a wajen sanyi, babu famfo, babu abin da zai mutu sai fanka, ita kuwa ana canza ta da kuɗi kaɗan.

Mun san amsar da wasu za su bayar. Za su ce furosesar zamani tana kare kanta, ba ta ƙonewa, to mene ne abin tayar da hankali? Gaskiya ne an wuce zamanin da. A 2001 shafin Tom's Hardware ya fitar da wani bidiyo da ya shahara, inda aka cire hitsink daga furosesoshi suna cikin aiki: Athlon na AMD ya ƙone har da hayaƙi, Pentium 4 kuwa ya rage gudu ya tsira. Yau kowace furosesa tana da wannan kariyar. Yawancin na Intel suna fara rage gudu a wajen digiri 100, Ryzen 7000 na AMD a 95, idan abin ya ci tura kuma su kashe kwamfutar baki ɗaya.

To amma a duba da me take kare kan nata. Da rage gudu. Ka biya kuɗin Core i7, zafi ya mayar maka da ita tana aikin da ƙaramar furosesa za ta yi, kai kuma kana ƙona man janareto na ƙarin awannin da aikin ya ɗauka. Sannan ba kowane sashe na kwamfuta ne ke da wannan gatan ba. Kafasitocin da ke kan madabod da cikin fawafak, irin masu ruwa a ciki, akwai ƙa'idar da injiniyoyi suka daɗe suna aiki da ita a kansu: duk ƙarin digiri 10 yana rage tsawon rayuwarsu da kusan rabi. Su ba sa rage gudu, ba sa ƙorafi, kumbura suke yi a hankali har ranar da kwamfuta za ta ƙi tashi, a ce ai wuta ce ta buga ta. Ma'ajiyar bayanai mai faifai, yawanci iyakarta digiri 60 ne ko ƙasa da haka. Kuma duk lokacin da kwamfuta ta ɗauke ba shiri, abin da ake rubutawa a wannan daƙiƙar yana iya lalacewa.

A nan ne maganar ta wuce ta ƙarfe. Bidiyon bikin da ba za a sake yi ba yana cikin wannan akwatin. Lissafin shagon mutum na shekara yana ciki. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya, kuma a 'yan shekarun nan cikin Afrilu ake fara ta, tsakiyar bazara. Zaure guda cike da kwamfutoci da mutane, kowace na'ura tana zuba nata zafin a ɗaki. Mai cibiyar da bai share kayansa bayan hunturu ba, da shekarar ɗan wani yake caca.

Wasu kuma za su ce duk wannan zancen masu kuɗi ne, mu ina muka ga kuɗin esi da wutar da za ta ja shi? Ba mu ce kowa ya sayi esi ba. Abin da muke kira a yi, mafi yawansa ko sisi ba ya ci.

A fara da aunawa, a daina hasashe. HWMonitor da HWiNFO da Core Temp duk kyauta ne, suna nuna zafin furosesa a take. A duba da safe, a duba da rana, a duba lokacin da aiki ya yi nauyi. A ɗaki mai zafi, digiri 45 zuwa 55 ba ta aikin komai ba abin damuwa ba ne. Tsohuwar kwamfutar ofis da ke haura 90 da ɗan aiki kaɗan kuwa tana neman agaji.

A ɗaga akwati daga ƙasa, a fitar da shi daga durowa, a bar masa aƙalla tazarar tafin hannu a baya da gefe, a kawar da shi daga inda rana ke faɗowa ta taga. A buɗe ƙofa da taga iskar ɗakin ta riƙa sauyawa, a kafa fankar tsaye ta riƙa fitar da zafin daga lungun da kwamfutar take. Aiki mai nauyi irin fitar da bidiyo, wanda zai iya jira, a bar shi sai dare ko sassafe.

A share ƙura sau biyu a shekara ko fiye, kuma shara mafi muhimmanci ita ce ta ƙarshen hunturu, kafin zafi ya shigo. A kashe, a zare waya daga soket, a fita da akwatin waje. A taɓa ƙarfen jikinsa kafin a taɓa komai a ciki, domin busasshiyar iskar hunturu tana tara wa jiki wutar nan da ke tsartuwa idan an kama ƙofar mota, kuma tana iya kashe kayan lantarki. A yi amfani da bulowa da burushin fenti mai laushi, a riƙe fanka da yatsa kada iskar ta juya ta fiye da kima. A guji iskar mai faci, don takan zo da ruwa ko mai. Fawafak kuwa a hura shi ta waje kawai, kada a buɗe, yana riƙe wuta ko bayan an zare shi.

A tabbatar kowace fanka tana juyawa, kuma tana fuskantar inda ya dace: ta gaba ta shigo da iska, ta baya ta fitar. Ɗan yankin takarda ya isa gwaji, za a ga ko ana zuƙarsa ko ana ture shi. Idan iskar da ke shiga ta ɗan fi mai fita yawa, kuma akwai raga a bakin shigar, ƙura ba ta samun damar kutsawa ta kowane tsagi. Ragar kuma sai an riƙa wanke ta, in ba haka ba ita ce za ta zama toshiyar.

Duk lokacin da aka ɗaga hitsink, a goge tsohon mai tas da sifirit, a sa sabo kamar ƙwayar dawa a tsakiya, a ɗaure kusurwa huɗu daidai. Tokumbo kuwa, ranar da ta shigo hannunka ranar ya kamata a sauya mata.

Saura kiranmu ga masu sana'ar. Mai sayar da kwamfuta, ka buɗe ta gaban mai saye, ka kunna manhajar auna zafi ya gani da idonsa. Mai gyara, kafin ka ce a goge Windows ko a sayi sabon madabod, ka duba fanka da mai, kuma ka nuna wa mai kaya zafin kafin aiki da bayan aiki. Wanda ya yi haka ba zai rasa ciniki ba, mu da kanmu za mu riƙa tura masa mutane. Wanda kuma ya ji haushin wannan rubutu, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Mu kuma masu kaya, aikin wannan mako guda ɗaya ne. Kowa ya auna zafin furosesarsa da tsakar rana ya rubuta. Ya share akwatin, ya ba shi sarari, ya sake aunawa a daidai wannan lokaci washegari. Ku kawo mana lambobin biyu, da garin da kuke, da irin ɗakin da kwamfutar take. Masu cewa NEPA ce ma muna jiran nasu lambobin.